Fatsar Kanti da Fatsar Gora

Da aka ba mu hutu, sai na kwashe ɗan kuɗin guzurin da na tara a Gidan Kwano na sayi fatsa ta zamani, mai ƙarfen naɗe zare. Na bi kawuna masunci zuwa madatsar ruwa ta Shiroro ina ta taƙama. Jifan farko zaren ya cukurkuɗe, domin abin da na ɗaura ba shi da nauyin da zai ja shi.

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wane kifi ka zo nema?" Na yi tsit. Ya ce karfasa ƙaramin baki gare ta, sai 'yar ƙugiya da siririn zare da tana. Tarwaɗa a ƙasan ruwa take kiwo, mamari ake shimfiɗa mata da dare. Giwan ruwa kuwa ƙananan kifaye yake farauta, shi ya dace da sanda mai ƙarfi da zare mai kauri irin nawa.

Ranar, da fatsar gora Kawu ya cika kwando, ni kuwa na yini warwarar zare. Tun daga nan ba na sayen kayan aiki sai na san aikin.