Rakiyar Da Ta Tsaya A Ƙofar Sakandare

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, ta kuma umurci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Wannan abin a yaba ne. Sai dai tsakanin ƙofar sakandare da ƙofar ofis akwai doguwar tafiya, kuma a nan ne gwamnati kan saki hannun matashi.

Ina da ƙane da shan-inna ta kama a 2004, lokacin da cutar ta bazu bayan an dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya sami gurbi a jami'a, amma har yau yana gida. Kuɗin makaranta a iya ƙoƙartawa. Abin da ya gagari mahaifinmu shi ne keken guragu mai ƙwari da kuɗin mota kullum, domin inda mai ƙafa zai taka, shi sai ya biya. Rancen ɗalibai da aka fara bayarwa a 2024 taimako ne, amma bashi ne, kuma wanda aiki ke wa wuyar samu ya fi kowa tsoron bashi.

A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Yaran da ta taɓa a wancan lokaci kuwa suna nan, sun haura shekara 20. Idan ba digiri, ba sana'a, wa zai cike kashi 5 ɗin da doka ta tanada?

A ganina, ya kamata a faɗaɗa tallafin ya haɗa da jami'a da cibiyoyin koyon sana'a, a kuma yanka wa matashi gurgu ko makaho ko kurma ɗan alawus duk wata, daga shekara 18 har ya kama aiki. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matasan nan ba sa son bara. Gatarin suke nema, kuma haƙƙinsu ne a ba su.