Katakon tablon tsohuwar Marsandi: kafin ku kai hannu

Yau zancen mota ne, amma ba na inji ba.

Da yawa cikinmu muna da tsohuwar Marsandi a ƙofar gida, irin 190 ɗin nan da Jamus ta ƙera daga 1982 zuwa 1993. Wasu sun gada wajen mahaifi, wasu sun sayo ta Kotonu. Inji lafiya lau, amma in ka shiga ciki sai ka tarar katakon tablo ya tsattsage, ya yi fari, gefe ya ɗago kamar ɓawon gyaɗa. Dillali kuwa nan yake fara kai ido, nan yake karya kuɗin mota.

Abin da mutane ba su cika sani ba, katakon nan mai zane-zane da ake kira zebrano ɗan Afirka ne, a dazukan Gabon da Kamaru yake fitowa. Ana yanko shi falle-falle, a manna bisa wani abu mai ƙwari, a shafe da barni mai kauri. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana sa barni da katako su riƙa buɗewa ba tare ba, shi ke nan sai tsaga.

Mun zagaya wajen ƴan feraye da masu tapisiri, ga abin da muka samo. Farko, ka je da tsohon a hannu, don ramukan butan ɗin gilashi da na wutar haɗari sun bambanta daga mota zuwa mota. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan nan sun yi wuya, in ka sayi wanda bai dace ba ka yi asara.

Wajen aiki, a cire kan batir tukuna. A fidda rediyo da akwatin toka, galibi kusoshin a bayansu suke ɓoye. Kada a sa turnubis a ɓanɓare: maƙalan roba da suka sha rana shekara 30 da ɗan taɓi suke karyewa. Kowace waya a ɗaura mata alama kafin a zare ta. A kankare tsohon kwal sarai, a gwada sabon katako ba kwal, a ga ya zauna. Sannan a shafa kwal gefe biyu, a jira ya sha iska kamar minti 10, a danna. Da sassafe ake yi, cikin inuwa, a bar motar ta kwana ba a taɓa ba.

Akwai kuma leda mai kama da katako da ake liƙawa. Tana da araha, amma bazara ɗaya take naɗewa, kuma mun ga inda ta danne butan ɗin wutar haɗari ya ƙi aiki. Wanda ya taɓa lalacewa da dare a hanyar Dogon Dutsi ya san wannan ba wasa ba ne. Don haka kafin a mayar da kusoshi, a haɗa batir a gwada kowane butan.

In an gama, a nemi inuwar dogon yaro, ko a rufe gilashin gaba da kwali. Masu tapisiri da kafintoci da ke saurarenmu, wane kwal ne ya fi jure zafinmu? Muna jiran ku. Allah ya tsare hanya.