Cinikin Doki da Kuɗin Harawa



Makon jiya na je Berger a Legas duba wata BMW M3 tokumbo, ƙirar 2004. Kukan injin kaɗai ya kusa sa ni zube kuɗin da na shekara uku ina tarawa.

Na kira Baba, ya ce, "Ka yi cinikin doki, ka lissafa harawa?"

Washegari na koma da bakanike. Ya ga baƙin mai yana yoyo, tayoyin baya sun cinye, alamar ta sha gudu. Muka cire kuɗin gyara, na taya. Dillali ya ce albarka.

Na dawo da kuɗina, amma zuciyata tana can. Allah Ya sa haka ya fi alheri.