Tafiyar ruwa a tudu ake shirya ta

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka datse kogin Kwara a Kainji, a 1968. Ruwa ya taso ya cinye tsibirai da fadamu da garuruwa, har da tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806. Mutane dai an kwashe su an sake musu matsuguni, amma itatuwa da yawa a tsaye ruwa ya rufe su. Kututturansu na nan har gobe, kuma sun fi kada cin jirage a wannan yanki namu na Yawuri.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai ba ni filafili ba sai da na shekara guda ina riƙe da ƙwaryar kwashe ruwa. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne. Ashe mai zama a tsakiyar kwalekwale da ƙwarya shi ke fara sanin inda katako ya tsage, da inda tsumma da kwalta suka saki, ya kuma ji a jikinsa yadda jirgi ke nauyi idan ruwa ya kai idon sawu. Bayan nan ya koya mini kallon fuskar kogi. Inda ruwa ya yi ɗan tozo ya rabu biyu, akwai kututture a ƙasa. Inda ya yi luf yana juyawa a hankali, rami ne, ka kauce.

Kwara kuma cika biyu take yi a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wajen Agusta zuwa Oktoba. Sai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso mana cikin hunturu, ba tare da ɗigon ruwan sama ko ɗaya ya sauka a nan ba. Baƙon da ya ga mashigi a watan jiya, ya dawo yana cewa ai ya san wurin, bai san kome ba. A tambayi Sarkin Ruwa ko masuntan gari, tambaya ba ta rage wa namiji girma.

Amma karatun da ya fi zauna mini, a jikina na yi shi. Wata ranar kasuwa ce, farkon damina, bayan la'asar. Na gama lodi, na dafa gefen jirgi na ga saura taƙi ɗaya tsakaninsa da ruwa, daidai ƙa'idar Baba. Sai ga wani dattijo abokin mahaifina da buhunan albasa huɗu.

"Ɗana, ka taimaka, kada in kwana a nan."

"Baba, jirgi ya cika, ga kuma gabas ta fara haɗa rai."

"Haba yaro! Ni da na yi goyonka? Ai kafin hadarin nan ya taso mun haye."

Kunya ta kama ni, na ɗora. Muna tsakiyar ruwa iska ta sauko. Igiyar ruwa ta farko ta wanke mana cinyoyi, ta biyu ta zuba cikin jirgi. Wata mata mai goyo ta miƙe tsaye tana salati, jirgi ya karkata, na daka mata tsawar da har yau nake jin nauyinta. Na ce kowa ya zauna a ƙasa, na juya goshin jirgi ya fuskanci igiya, na shiga tura buhuna cikin kogi, na dattijon da na waɗanda ba su ji ba su gani ba. Da kyar muka kama ciyawar wani gungu, a nan muka kwana cikin sauro. Albasar mutane kuwa na shekara biyu ina biya. Dattijon bai ƙara amsa gaisuwata ba har ya koma ga Allah. Da tun a tudu na ce masa a'a, fushin yini ɗaya zai yi.

Shi ya sa duk lokacin da na ji labarin jirgi ya kife, kamar na kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski cikin watan Mayun 2021, inda aka rasa rayuka masu yawan gaske, ba kogi nake fara zargi ba. Tambayata ita ce: mutum nawa aka zuba, kaya nawa aka ɗora a kansu, yaushe rabon da a duba katakon, kuma wa ya ga abin ya yi shiru? Mukan ce ƙaddara ce, haka ne kuwa, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Yanzu jikokina ke tuƙi, wasu da inji. Ina zaune a gindin mashigi ina sa musu ido. Kafin su tura sai na ga filafili na biyu da gorar tura jirgi da igiya da ƙwarya, ko da inji sabo ne, don inji ba ya sallama kafin ya mutu. Waya a ƙulle cikin leda. A gaya wa na gida inda za a, da lokacin dawowa. In an hangi dorina, musamman mai ɗa, a ba ta fili, kada a ratsa tsakaninta da zurfi. Tafiyar dare kuwa hukuma ma ta hana, ni na riga ta hanawa.

Rigar ruwa ce muka fi yin faɗa a kanta. Babban jikana ya ce mini, "Kaka, ni da nake ninƙaya kamar tarwaɗa?" Na ce masa gwanaye nawa na taya nema a cikin wannan ruwa. Katako ya bugi mutum a ka, ko masu nutsewa uku su ƙanƙame shi, ina amfanin iyawarsa? Ni kaina sai da na tsufa na fara sawa, samari suna dariya.

Kai kuma fasinja, in ka zo fito ka ga ruwa na lasar gefen jirgi, sauka ka jira na baya. Kasuwar Yawuri za ta sake ci mako mai zuwa.