Takardar da ta tambaye ni halin 'yata da Larabci

Ki yi haƙuri, ba zan kama sunan yarinyar ba, kin san 'yar fari ce. Shekarunta 14, a nan Jidda take karatu, inda aikin maigidan ya kawo mu tun tana aji biyu na firamare. Larabcinta ya fi Hausarta. Ni kuwa nawa na Islamiyya ne, sai ɗan na ciniki da na tsinta a kasuwar Balad.

Idan kina da yarinyar da za ta ɗora tukunya ta manta sai ƙauri ya cika gida, ko ki aike ta abu uku ta dawo da ɗaya, to kin san halin da na daɗe a ciki. Na kira ta sakarya, na kira ta mai kunnen ƙashi, ta sha ranƙwashi ba adadi. Malamarta ce ta fara cewa yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa, amma rabin takardar jarrabawarta fayau take dawowa, don haka mu ga likita.

A asibiti aka miƙo takardu uku: tawa, ta malamar, da wadda yarinyar za ta cike da kanta. Na tantance lalurar da likitoci ke kira ADHD ne, wato tarwatsewar hankali da rashin natsuwa, Larabawa kuma su ce fartul haraka wa tashattutul intibah. Alamomi 18 ake nema, 9 na rashin tsayar da hankali, 9 na ƙiriniya da gaggawa.

Na tambayi likitar, fassarar takardar Turawa ce kawai? Ta ce fassara ita ce mafi sauƙin aikin. Mutum biyu ke mayar da ita Larabci, kowa daban. Sai a ba wani da bai taɓa ganin ta asalin ba ya sake mayar da ita Turanci, a duba abin da ya ɓata a hanya. Daga nan a zauna da samari da 'yan mata a ji yadda suka fahimci kowace tambaya. A raba wa ɗalibai masu yawa su cike, bayan kamar mako biyu wasunsu su sake, don a ga ko amsa tana tsayawa wuri ɗaya. Na ƙarshe shi ya fi nauyi: a gwada makin da takarda ta bayar da hukuncin likitan da ya zauna da yaron. Masu lalurar nawa ta kama, nawa suka sulale, lafiyayyu nawa ta ɗora wa abin da ba su da shi? Daga nan ake sanin makin da za a ce wannan yaro a ƙara bincikarsa.

To duk an yi wannan, amma a kan 'ya'yan Larabawa da iyayensu aka yi. Ni ina zaune da biro ina fassara kowane layi zuwa Hausa a zuciyata, fassarar da babu wanda ya gwada ta. Ahyanan da galiban kaɗai sun tsayar da ni. Mantuwa sau biyu a mako wani lokaci ne ko galibi? Har su Larabawan abin bai bar su ba, don takardar da Larabcin littafi aka rubuta ta, alhali maganar gidan Bamisire daban, ta mutumin Sudan daban, ta ɗan Maroko daban.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayoyin katse mutane cikin magana da tashi daga wurin zama. Na rubuta "bai taɓa faruwa ba", kuma gaskiya na faɗa. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya ina za ta katse babba? Za ta zauna shiru kamar an dasa ta, hankalin yana can wata duniya. Da ƙiriniya kaɗai ake nema, da an sallame mu. Likitar ta ce 'yan mata da yawa haka suke wucewa ba a gane su ba, kuma idan yaro ya balaga tsalle-tsallen kan ragu ya koma rashin sukuni a ciki. Shi ya sa ake ba matashi tasa takardar. A tata, 'yata ta zaɓi "sosai" a wurin da ni na sa "wani lokaci". Na daɗe ina kallon layin nan.

Ki riƙe wannan, 'yar'uwa: takardar rariya ce, ba ta yanke hukunci. Kusan yara 5 cikin 100 ke da lalurar, amma rashin barci, damuwa da matsalar ji duk suna iya kama da ita. Sai da likitar ta tabbatar alamomin sun wuce wata 6, suna nan a gida da makaranta, kuma sun fara kafin shekara 12. Da can kafin shekara 7 ake cewa, a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ɗaga shi. Ga 'yan ƙasa da shekara 17, alamomi 6 ake buƙata a ɓangare ɗaya. Tawa tana da 7 a ɓangaren hankali.

Idan aka ba ki irin wannan takarda da harshen da ba shi kika sha a nono ba, kada kunya ta sa ki cike ta a tsaye. Ki ce a karanta miki, ki kawo misali daga gidanki, ki tambaya ko an gwada ta a kan yara irin naki.

Mu dai an matso da ita layin gaba a aji, aike kuma ɗaya bayan ɗaya nake yi mata. Maganar magani muna kan shawara da babanta. A mota ranar da muka dawo ta ce, "Umma, ashe ba da gangan nake yi ba?" Na ce mata haka ne, na juya ina kallon titi.