Tambayar da Ta Ƙi Jituwa da 'Yan'uwanta

A hutun tsakiyar shekara wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a Sashen Hausa ta koma garinsu ɗauke da takardun tambayoyi. Nufinta shi ne ta auna ra'ayin tsofaffin mata game da tatsuniya, watau ko har yanzu suna ganin amfaninta wajen tarbiyyar yara, ko kuwa sun sallama wa rediyo da waya. Ta tsara jimloli 12, kowace da amsoshi biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", bisa tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Da yake yawancin matan ba su yi boko ba, ita ce ke karanta musu tana cikewa.

Da ta dawo makaranta, malamin da ke duba kundinta ya ce kada ta rubuta ko layi guda sai ta gwada ko tambayoyin nata suna jituwa da juna. Hujjarsa a fili take. In dai abu ɗaya suke aunawa, to matar da ta ɗaukaka tatsuniya a tambaya ta farko bai kamata ta kushe ta a ta biyar ba. Masana na farko sukan raba tambayoyi gida biyu su kwatanta makin wannan rabi da na wancan, sai dai sakamakon yakan sauya gwargwadon yadda aka yi rabon. A 1951 Lee Cronbach, wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, ya bayyana ma'aunin da ake kira alfa, wanda ke zaman matsakaicin dukkan rabe-raben da za su yiwu. Iyakarsa 1, kuma an saba ɗaukar 0.7 a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa.

Nata bai kai ba. Kwamfuta kuwa ta nuna mai laifin: tambaya ta 9. Da za a cire ta, da alfa ya haye da sauƙi. Abokan karatunta suka ce ta share ta kawai, ai kowa haka yake yi, ga shi kuma lokacin miƙa kundi ya matso. Lalle ba su faɗi abin da babu shi a littattafai ba, domin cire gurguwar tambaya halal ne a wannan fage.

Amma wani abu ya tsaya mata a rai. Jimloli 11 duk yabon tatsuniya suke yi. Ta 9 ce kaɗai ta juya baya, tana cewa tatsuniya ɓata lokaci ce, gara yara su kwanta da wuri. Da ta sake bin takardun ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga matan da suka fi ƙarfafa yarda da yabon su ne kuma suka fi ƙarfafa yarda da kushen.

Ta ci bashin kuɗin mota ta koma gida, ta sami gwaggonta tana tankaɗe a tsakar gida.

"Gwaggo, yaya aka yi kika ce tatsuniya tana gyara yaro, sa'an nan kika ce ɓata lokaci ce?"

Tsohuwar ta ajiye rariya ta dube ta. "Haba 'yar nan! Kin taso tun daga jami'a da takarda a hannu, kina faɗa mini magana da bakinki, ni kuma in ce miki ba haka ba ne? Ina kara?"

Ashe abin da jimlolin nan 11 suka haɗu a kansa kunya ce da karramawar baƙo. Alfa ba shi da idon da zai bambanta wannan da ra'ayi na gaskiya, zama abin da yake gani kawai shi ne amsoshi sun bi hanya ɗaya. Hasali ma, yawan tambayoyi masu kama da juna kaɗai yana iya ɗaga shi. Da ta share ta 9, da ta sami adadi mai kyan gani, ta kuma rubuta babi guda a kan kara tana kiransa ra'ayi.

Kundin bai shiga tare da na 'yan ajinta ba. Ta sake tsara takardar, ta daidaita yabo da kushe, ta kuma ƙara tambayar da ba a amsa ta da yarda ko ƙi: yaushe rabonki da yi wa jikoki tatsuniya? Gwaggo ta yi shiru tana lissafi da yatsu, kana ta ce tun damunar da aka jawo musu wutar lantarki unguwar.