Mun Nemi Mai Koya Mana Dambe Da Girmanmu

Dambe wasan mahauta ne tun asali, da kaka ake yinsa bayan an kai amfanin gona gida. Yaro yakan koye shi a gindin ubansa. Mu kuwa mu uku ne a Gwandu, duk magidanta, kowa ya wuce shekara 30, ba mahauci a cikinmu. Abin da muka sani kawai shi ne waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Da teɓa ta soma fito mana, muka ce bari mu koya.

Duk wanda muka tambaya sai ya yi dariya, ya ce, "Da girmanku?" Daga baya aka kwatanta mana wani tsohon ɗan dambe a Kalgo, kusa da Birnin Kebbi. Muka je muka gaishe shi, muka ce, "Baba, mu masu bi ne, ba ma ɗaura laya." Ya ce, "'Ya'yana, hannu ne ke tare naushi."

Wata 2 bai bari mun ɗaure hannu ba. Hannun da ake ɗaurewa shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. Garkuwa kaɗai ya koya mana, yadda ake miƙa ta, tafi a buɗe, sai gudu da asuba. Turmi uku ake yi, mu ko ɗaya ba ma kaiwa sai haki.

Fili kam ya hana mu shiga. Ya ce in mai iyali ya karye, wa zai yi noma? Matanmu sun fi mu jin daɗin wannan magana. Har yanzu kowace Asabar muna Kalgo.